Abin da ke kashe manhajar ɗalibi ranar kare furojet

Ɗalibi ya yi wata uku yana rubuta manhaja, tana aiki lafiya lau a kwamfutarsa. Ranar kare furojet aka ɗora ta a kan kwamfutar sashe, sai ta ƙi tashi, malamai kuma na zaune suna jira. Masu karatun kwamfuta a Katsina, ko a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ko a Al-Qalam ko a kwalejin Hassan Usman Katsina, sun san wannan fargabar.

Sau da yawa rubutun ɗalibin ba shi da laifi. Manhajar da aka rubuta da Python tana dogara ne da wasu kayan aiki da ake saukowa daga intanet, kuma kayan nan suna sauyawa. Misali, Django 4.0 da ya fito a Disambar 2021 ya cire tsohuwar hanyar rubuta adireshin shafuka da darussan bidiyo na da suke koyarwa. Wanda ya gina aikinsa a kan tsohon, da zarar ya haɗu da sabon, aiki ya watse. Idan kuma ayyuka biyu na kwamfuta ɗaya, sabunta kayan ɗaya na iya lalata ɗayan.

Maganin yana cikin Python ɗin kansa tun 2012, sunansa venv. Shi ne ke ware wa kowane aiki ɗakinsa da kayansa, babu cuɗanya. A cikin jakar aikin ake rubuta python -m venv .venv, sannan a kunna shi: a Windows da .venv\Scripts\activate, a Linux ko Termux na wayar Android da source .venv/bin/activate. Duk abin da aka sauko bayan nan, a ɗakin zai tsaya. Ubuntu tun 23.04 da Debian 12 ma ba sa barin pip ya zuba kaya kai tsaye cikin tsarin kwamfuta.

Inda aka fi yin kuskure shi ne wajen kai aikin wata kwamfuta. Kwafe jakar .venv a filashi ba ya yi, domin tana riƙe da adireshin inda aka ƙirƙire ta. Abin da ake ɗauka shi ne ƙaramin fayil na sunayen kayan da lambobinsu, wanda pip freeze > requirements.txt ke fitarwa. A sabuwar kwamfuta sai a buɗe sabon ɗaki, pip install -r requirements.txt ya dawo da komai yadda yake.

Saura batun data, wadda ta ƙara tsada tun da NCC ta amince da ƙarin kashi 50 a Janairun 2025. Pip na ajiye abin da ya taɓa saukowa, don haka ɗaki na biyu ba ya cin data kamar na farko. Wanda ke tsoron sabis ya yanke a ɗakin jarrabawa, pip download zai tara masa kayan a filashi tun daga gida, muddin kwamfutocin biyu suna da tsari da Python iri ɗaya.