Lauyan da ke yi wa mai ƙarfi tambaya

Ɗan ƙanwata ya same ni a zaure bayan la'asar, takardar neman gurbin jami'a a hannunsa. Ya ce, "Kawu, lauya nake son zama, amma Baba ya rantse ba zai kashe kuɗinsa in je in koyo wanke ɓarawo ba." Na yi dariya, don a Babban Mutum, kai har ƙasar Daura baki ɗaya, iyakar abin da aka sani game da lauya ke nan: mai baƙar riga da farar hular gashi, wanda ake ɗaukowa daga Katsina ko Kano idan ɗan wani ya shiga hannu, ko rikicin gona ya fi ƙarfin dagaci. Akwai wannan kam. Amma akwai wasu sassa biyu na aikin lauya da suka taɓa tukunyar kowane gida a garin nan, ba mu ko san sunansu ba. Ɗaya dokar gasa a kasuwanci, ɗaya kuma dokar da ke tsakanin hukuma da talaka.

Garin da ke bakin iyaka, a kan hanyar Magarya da Damagaram, da ciniki yake rayuwa. Manomin da ya taɓa kai riɗi ko wake kasuwa da kaka ya san ranar da zai tarar masu saye sun zama tsintsiya maɗaurinki ɗaya: abin da na farko ya taya, shi na goma zai taya, ko sisi babu ƙari. Wani lokaci kasuwa ce ta faɗi haka. Wani lokaci kuwa an zauna ne tun daren jiya an ƙulla. Malamanmu sun daɗe da sanin wannan cuta. Fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu ya hana ɓoye abinci don ya yi tsada, ya hana tare mai kaya a hanya kafin ya san farashin kasuwa, ya hana tayin ƙarya da ake yi don a zuga mai saye. Saboda haka dokar gasa ba baƙuwa ba ce a wurinmu, riga kawai ta canja.

Amurka ta yi tata tun 1890, wato dokar Sherman, kuma da ita kotun ƙolin ƙasar ta tarwatsa kamfanin mai na Standard Oil a 1911. Nijeriya ta yi nawa sosai. Sai a farkon 2019 ne shugaba Muhammadu Buhari, ɗan Daura, ya sa hannu a kan dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018. Ita ta haifi hukumar FCCPC, wadda ta gaji tsohuwar majalisar kare masu saye, ta kuma kafa kotu ta musamman da ke duba hukuncin hukumar. Wanda bai gamsu da wannan kotu ba sai ya wuce Kotun Ɗaukaka Ƙara. Dokar ta hana 'yan kasuwa haɗa baki su tsayar da farashi, ko su raba kasuwa a tsakaninsu, ko su shirya wanda zai ci kwangila tun kafin a buɗe takardu. Ta hana babban kamfani amfani da girmansa ya murƙushe ƙanana. Kuma idan manyan kamfanoni biyu za su haɗe, sai sun nemi yardar hukumar. Tarar da za a iya ɗora wa kamfani takan kai kashi 10 cikin 100 na cinikinsa na shekarar da ta gabata.

A nan mutane ke yawan kuskure. Tsada kaɗai ba laifi ba ce, girma ma ba laifi ba ne. Idan buhun taki ya tashi saboda darajar naira ta faɗi, babu wanda za a kama. Laifin yana cikin haɗin baki da danniya, su kuwa ba a rubuta su a allo. Dole a tono su daga saƙonnin waya, da bayanan taron ƙungiya, da rasiɗai, da jerin farashi na watanni. Wa ke wannan tono? Ƙaramin lauya. Babban yakan miƙe a gaban alƙali ya yi magana ta minti arba'in, amma dubban shafukan da maganar ta tsaya a kansu, yaron da ke zaune a bayansa ne ya kwana yana karanta su.

Akwai wata tambaya da nake jin daɗinta a wannan fage, don ɗan bakin iyaka zai fi kowa gane ta. Kafin a ce wane ya mamaye kasuwa, sai an amsa: wace kasuwa? A ce mutum ɗaya ne ke sayen riɗin Babban Mutum duka. Idan manomi zai iya ɗora buhunansa a mota ya kai Ɓaure ko Mai'aduwa ko Kano ba tare da kuɗin mota ya cinye ribar ba, to mai sayen nan bai mallaki kowa ba. Idan kuwa hanya ta lalace, ko an rufe iyaka, ko manomin ya ci bashin taki a hannunsa tun da damina, to kasuwar ta tsuke ta koma tafin hannun mutum ɗaya. Irin wannan lissafi ne lauyan gasa ke zama da masana tattalin arziki suna yi. Wanda ya gudo sashen lauya don tsoron lissafi, to ya gudu bai tsira ba.

Dokar ta fara cizo. A Disamba 2023 hukumar ta sanar da cewa kamfanin taba na British American Tobacco zai biya dala miliyan 110. A Yuli 2024 ta ci kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220, kotun gasa kuma ta tabbatar da ita a Afrilu 2025. Ba manya kaɗai ba: a 2023 da ƙungiyar masu POS ta fitar da farashi na bai ɗaya, hukumar ta gargaɗe su cewa doka ta hana. Duk ƙungiyar 'yan kasuwa da ke cin ɗanta tara don ya sayar ƙasa da farashin da aka yanka, ya kamata ta ji wannan da kunnen basira.

Sashe na biyu ya fi kusa da mu. Mutanen nan ba su manta Agustan 2019 ba, lokacin da aka rufe iyakokin ƙasa har zuwa Disamba 2020, balle umarnin Nuwamba 2019 da ya hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. An sake rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin Yuli 2023, sai Maris 2024 aka buɗe. A irin wannan hali mukan ce hukuma ce, sai haƙuri. Lauyan wannan fage ba ya musun cewa hukuma na da iko. Tambayoyi yake yi. Wace doka ce ta ba ka wannan iko? Ka bi matakan da ta shimfiɗa? Ka saurari wanda abin zai shafa? Wani lokaci hukuma na da amsa mai kyau, shi ke nan. Wani lokaci ba ta da ita, sai kotu ta soke hukuncin, ko ta tilasta wa jami'i yin abin da doka ta ɗora masa.

Makaminsa babi na huɗu ne na tsarin mulkin 1999. Sashe na 35 ya ce wanda aka kama a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu cikin kwana biyu. Sashe na 36 ya ce a saurari mutum kafin a yanke masa hukunci. Sashe na 44 ya ce ba a karɓe dukiya sai bisa doka, da biyan diyya. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi da ya ratso ta Daura ya bi ta gonakin mutane, kuma dokar filaye ta 1978 ta ba gwamna ikon karɓar fili don amfanin jama'a, amma diyyar da ta tanada ta abin da ke kan filin ce, gini da amfanin gona da itatuwa. Manomin da bai san haka ba, ba zai tsaya a ƙirga masa mangwaro da dabinonsa ba.

Shari'ar da nake so kowane ɗan iyaka ya sani ita ce ta Shugaba Abdurrahman Darman. Shi ne jagoran masu rinjaye a majalisar jihar Borno, aka ɗauke shi a Janairu 1980 aka tsallakar da shi Chadi, wai ba ɗan ƙasa ba ne. Babbar kotun Maiduguri ta ce ɗan Nijeriya ne, ta kuma ce a biya shi diyya. A garin da kusan kowa ke da kaka ko gwaggo a tsallake, wannan ba tarihin wasu ba ne.

Sassan biyu kuwa tare suke tafiya, don FCCPC ita ma hukuma ce. Lauyan da ya tsaya mata yau a kan kamfani, gobe wani kamfanin zai ɗauke shi ya tambayi kotu ko hukumar ta wuce gona da iri.

To ta ina ake bi? Shekara biyar a jami'a, ko Zariya ko Kano ko Sakkwato ko Katsina, sai shekara ɗaya a Makarantar Horar da Lauyoyi da aka kafa a 1962. Hedikwatarta na Bwari, reshen da ya fi kusa da mu yana Bagauda. Daga nan a rantsar da kai, a rubuta sunanka a Kotun Ƙoli, ka tafi hidimar ƙasa. A Ingila aikin kashi biyu ne, mai tsayawa gaban alƙali daban, mai shirya takardu daban, kuma can ko ka shekara ashirin, muddin ba a ba ka muƙamin lauyan Sarki ba, ƙarami ake ce maka. A nan mutum ɗaya ke yin duka biyun, muƙamin da ake hange kuwa shi ne SAN, wanda aka fara bayarwa a 1975, kuma ba a nemansa sai an shekara goma a bakin aiki.

Shekarun farko babu daɗi, gara a faɗa. Kai ne ɗaukar jakar oga, kai ne layin rajistara, kai ake aikawa kotu ka roƙi a ɗage shari'a alƙali ya sauke fushinsa a kanka. Za ka zauna tun tara na safe ana kiran shari'un manya kafin taka. Albashi a ofisoshi da yawa bai taka kara ya karya ba. Aikin gasa kuma kusan duka yana Abuja da Legas, inda kamfanoni da hukumar suke, don haka mai son sa sai ya yi ƙaura. Ɗayan sashen ne ake samu kusa, a Babbar Kotun Tarayya da ke Katsina, inda shari'un kwastan da na hukumomin tarayya ke zuwa, ko a ma'aikatar shari'a ta jiha, ko a hukumar ba da agajin lauya ga marasa hali da aka kafa tun 1976.

Na ƙara wa yaron abu ɗaya ya kai wa mahaifinsa, tunda shi mai safarar hatsi ne. Akwai dokar da ta ce mai ƙarar jami'in gwamnati a kan abin da ya yi a bakin aiki ya shigar da ita cikin wata uku. Tana da togaciya, amma mutane da yawa masu gaskiya sun sha ƙasa a kanta, don sun ɓata watannin suna zarya gidan wane da wane ana ba su baki. Idan aka riƙe maka kaya, ka nemi takarda mai kwanan wata da sa hannu, ka adana ta inda kake adana takardar gona. Yaron ya rubuta wannan a bayan takardarsa, ya ce, "Kawu, gobe ka zo da kanka ka faɗa wa Baba, ni ba zai saurare ni ba." Na ce ya gaya masa ina nan tafe bayan sallar isha'i.