Takarda ta yafe masa, gari bai yafe ba

Ranar wata Juma'a bayan an sakko daga masallaci, wani tsohon ɗalibina ya tare ni a bakin kasuwar Kolokondé. Ya ce, "Malam, ina son shiga jarrabawar ɗaukar ma'aikata, amma an ce sai da kaziye. Ni kuwa ka san labarina."

Na sani. Yana ɗan shekara 15 ya ɗauki wayar wani, aka kai shi gaban alƙalin yara. Alƙali ya yi masa gargaɗi ya miƙa shi ga iyayensa. Shekara bakwai ke nan, bai ƙara ba.

Ga abin da da yawanmu ba mu sani ba. Kaziye, wato takardar tarihin hukunci, kashi uku ce a nan Benin. Ta ɗaya tana ɗauke da komai, hukumomin shari'a kaɗai ake ba. Ta biyu ta wasu ma'aikatun gwamnati ce. Ta uku ita ake ba mutum da kansa, kuma hukuncin ɗauri take nunawa, ba gargaɗin da aka yi wa yaro ba. Tun 2020 ana neman ta ta intanet, ba sai ka je kotun Djougou ko Parakou ba. Shari'ar yara kuwa, a ƙarƙashin dokar yara ta 2015, ba a bainar jama'a ake yin ta ba. Babba ma da ya gama zaman wa'adinsa, doka ta ba shi hanyar wanke suna bayan wasu shekaru, ta ofishin mai gabatar da ƙara.

Muka cika buƙatar a wayata. Takarda ta fito fes, babu komai. Wallahi sai da ya yi hawaye.

To amma fa, hoton da aka ɗauke shi ranar da aka kama shi har yanzu yana yawo a WhatsApp. Bara ya je neman aure, wani ya tura wa dangin yarinyar, maganar ta watse.

Wannan kam babu alƙalin da zai goge. Mu ne. Mun karanta cewa wanda ya rufa asirin Musulmi, Allah zai rufa nasa. Ɗan'uwa, duba wayarka yau. In da hoton ɗan wani a ciki, goge shi.