Dalilin da ya sa kayan cibiyar tsohon keke ba sa hawa kowane firam

A ƙasan firam ɗin keke akwai wani gajeren bututu inda sandar da ke riƙe hannuwan feda take juyawa a kan boris. Kofuna biyu masu zare ne ake murɗawa a bakunansa domin su riƙe boris ɗin. A tsofaffin kekunan tsere na Turai, kowace ƙasa da nata ma'aunin, kuma nan ne masu gyara kan yi ɓarna.

Bututun ƙirar Ingila faɗinsa milimita 68 ne, kuma kofin gefen sarƙa zarensa na hagu ne, wato ana kwance shi ta hannun dama. Na Italiya milimita 70 ne, kofinsa kaurin milimita 36, duka biyun zaren dama. Na Faransa kuwa kofinsa milimita 35 ne, shi ma zaren dama. Tsofaffin kekunan Raleigh na Nottingham, waɗanda aka sani sosai a ƙasar Hausa, suna da zare 26 a kowane inci maimakon 24.

Kofin Ingila da na Faransa sun yi kusa da juna ƙwarai, har ɗaya yakan fara shiga gurbin ɗaya. Idan aka tilasta shi da sifana, zaren firam ya lalace ke nan.

Saboda haka a auna bututun kafin sayen kaya, a shafa giris, sannan a fara murɗawa da hannu. Kofin da ya cije tun farko ba na wurin ba ne.