Yadda layin Maraɗi ke kama sabis a Madobi

Ɗan kasuwar da ya taso daga Maraɗi zuwa Madobi ko Kura sayen shinkafa ba dole ne ya sauya layi ba. Wayarsa za ta kama sabis ɗin kamfanin Najeriya, muddin wannan kamfani da na layinsa sun ƙulla yarjejeniya.

Aikin yana bayan fage. Kowane kamfani yana cike wata takarda mai suna IR.21, wadda ƙungiyar GSMA ta tsara, ya zuba bayanan na'urorinsa a rumbu ɗaya da injiniyoyin sauran kamfanoni ke dubawa. In aka sauya wani adireshi ba a sabunta takardar ba, sai kira ya ƙi shiga, ga dillali tsaye a kasuwar Kwanar Gafan, kwandunan tumatir suna shan rana. Kuɗin kiran kuwa a wani fayil mai suna TAP ake lissafa shi, a aika wa kamfanin mai layin.

A cikin gida ma ana yi. A 2025 hukumar NCC ta amince wa masu layin 9mobile su hau turakun MTN na shekara 3. Ƙauyukan Bunkure irin wannan suke buƙata, domin turke ɗaya ya wadatar da layuka da yawa.