Ƙarancin Bitamin D da Laushin Ƙashin Yara: Abin da Ya Kamata Manhajar Hausa ta Ƙunsa

1.0 Gabatarwa

A yayin da muke nazarin darussan kiwon lafiya da ake mayarwa zuwa Hausa domin makarantun firamare da ƙananan sakandare, mun sha cin karo da wata jimla da ke cewa rashin hasken rana ne ke sa ƙafafun yara su lanƙwashe, don haka maganin abin shi ne a fitar da yaro rana. Jimlar tana da asali a kimiyya, amma an gina ta ne a kan halin da ƙasashen Turai suka samu kansu a ciki. Malamin da ya karanta ta ga ɗalibai a Kwali ko Abaji ko Bwari zai iya fuskantar tambayar da littafin bai tanadi amsarta ba: in haka ne, me ya sa ake ganin gwame da ƙafar baka ga yaran da suke yini a rana?

Wannan maƙala za ta yi bayanin bitamin D da aikinsa a jiki, da illar ƙarancinsa, sannan ta kawo sakamakon binciken da aka gudanar a Nijeriya, wanda ya nuna cewa ba a raba zancen wannan bitamin da zancen sinadarin kalsiyam. Daga ƙarshe za mu ba da shawarwari ga malamai da masu tsara manhaja.

2.0 Bitamin D da Aikinsa a Jiki

Bitamin D ya sha bamban da sauran 'yan'uwansa ta fuskar cewa jiki na iya samar da shi da kansa. Idan wani ɓangare na hasken rana da ake kira UVB ya sauka a kan fata, yakan sauya wani sinadari da ke cikinta ya koma bitamin D. Daga nan jini zai kai shi hanta, ta sarrafa shi, sannan ƙoda ta kammala sarrafawar, ya zama mai aiki. Wannan ne ya sa mai ciwon hanta ko ciwon ƙoda mai tsanani zai iya fama da alamun ƙarancin ko da yana samun rana.

Babban aikinsa shi ne taimaka wa hanji ya tsotso kalsiyam da fosfaras daga abinci, waɗanda da su ne ƙashi ke yin ƙwari. Idan babu isasshen bitamin D, abin da hanji ke tsotsowa na kalsiyam bai wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ba. Idan akwai shi kuwa yakan kai kashi 30 zuwa 40. Za a iya kwatanta wa ɗalibai abin da aikin gini: kalsiyam shi ne tubali, bitamin D kuma shi ne leburan da ke miƙo tubalin. Ko wanne aka rasa daga cikinsu, gini ba zai tashi ba.

Abincin da ke ɗauke da bitamin D ba shi da yawa. Akwai kifi mai maiƙo irin su sadin da taitus, da gwaiduwar ƙwai, da hanta, da man hantar kifi. Nonon uwa, duk da cewa babu abincin da ya kai shi amfani ga jariri, bitamin D ɗin da ke cikinsa kaɗan ne.

3.0 Taƙaitaccen Tarihi

Cutar laushin ƙashin yara, wadda likitoci ke kira rikets, ta shahara ne a biranen Turai. Likitan Ingila Francis Glisson ya yi cikakken bayaninta a 1650, kuma ta ƙara yaɗuwa a zamanin bunƙasar masana'antu, lokacin da hayaƙin kwal da cunkoson gidaje suka raba yara da rana. A 1822 Jedrzej Sniadecki ya lura cewa cutar ta fi kama yaran cikin birnin Warso na ƙasar Poland a kan yaran karkara, ya danganta hakan da hasken rana. A 1919 Edward Mellanby ya nuna cewa man hantar kifi na warkar da ita ga karnuka, a shekarar ce kuma Kurt Huldschinsky ya warkar da yara a Balin ta hanyar haska musu wata fitila ta musamman. A 1922 Elmer McCollum na Amurka ya tabbatar da cewa sinadarin da ke wannan aiki sabon bitamin ne, wanda aka raɗa wa suna D.

Daga wannan tarihi ne littattafan makaranta suka gaji fahimtar cewa rikets cutar rashin rana ce. A Ingila hakan daidai ne, domin daga Oktoba zuwa Maris hasken rana a can ba ya da ƙarfin da zai sa fata ta samar da bitamin. Abuja kuwa tana kan kimanin digiri 9 ne arewa da layin ikwaita, inda ranar ke da wannan ƙarfi a dukkan watannin shekara.

4.0 Illolin Ƙarancin

Ga yara, ƙashi mai girma yakan kasa yin tauri. Alamomin sun haɗa da kumburin wuyan hannu da idon sawu, da jerin ƙulle-ƙulle a kan haƙarƙari kamar carbi, da jinkirin rufewar maɗiga, da jinkirin fitowar haƙora da fara tafiya, da ciwon ƙafa, da lanƙwashewar ƙafafu idan yaro ya fara ɗora musu nauyi. Idan kalsiyam ya yi ƙasa ƙwarai a jinin jariri, yana iya haddasa jijjiga, ko ma raunin zuciya. Haka kuma an lura cewa yara masu wannan cuta sun fi saurin kamuwa da ciwon huhu. Ga 'ya mace akwai wata illa da ba ta bayyana sai bayan shekaru: ƙashin ƙugu da ya gurɓace tun ƙuruciya na iya ƙuntata mafitar jariri, ya jawo doguwar naƙuda.

Ga manya, waɗanda ƙashinsu ya daina tsawo, ƙarancin na kawo laushin ƙashi mai haɗe da ciwon baya da ƙugu, da raunin tsoka, ta yadda tashi daga zaune ko hawa matakala zai riƙa wuya. Sau da yawa akan ɗauke shi a matsayin sanyin ƙashi ko gajiyar haihuwa. Ga tsofaffi kuma yana ƙara haɗarin faɗuwa da karaya.

Wajibi ne a yi taka-tsantsan game da sauran abubuwan da ake jingina wa wannan bitamin. An sha yayata cewa shan ƙwayoyinsa na kare mutum daga ciwon daji da ciwon zuciya. Wani babban gwaji mai suna VITAL da aka yi a Amurka a kan mutane fiye da 25,000, wanda sakamakonsa ya fito a ƙarshen 2018, bai nuna raguwar kamuwa da waɗannan cututtuka biyu ba. Abin da ya tabbata shi ne amfaninsa ga ƙashi, kuma a nan ya kamata darasi ya tsaya.

5.0 Darasin da Aka Koya daga Jos

A shekarun 1990 likitoci a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos sun lura da yawan yara masu rikets, alhali yaran suna wasa a rana kullum. Thomas Thacher da Philip Fischer da John Pettifor tare da abokan aikinsu 'yan Nijeriya suka gudanar da gwaji a kan yara 123 masu cutar, aka buga sakamakon a 1999 a mujallar New England Journal of Medicine. An kasa yaran gida uku: wasu aka ba su bitamin D kaɗai, wasu kalsiyam kaɗai, wasu kuma duka biyun, har tsawon makonni 24. A rukunin da aka ba kalsiyam, shi kaɗai ko tare da bitamin, kimanin yara 6 cikin 10 ne suka kai matakin warkewar da aka ɗiba. A rukunin bitamin D kaɗai kuwa, ba su kai 2 cikin 10 ba.

Binciken ya kuma gano cewa kalsiyam ɗin da yaran ke samu daga abinci kimanin miligiram 200 ne a rana. Dalilin a bayyane yake ga duk wanda ya san abincin yaye a gidajenmu: koko da kunu da tuwon masara ko dawa ko gero, ba tare da madara ba. Bayan ƙarancin kalsiyam a waɗannan hatsi, suna ɗauke da wani sinadari mai suna faitet wanda ke riƙe ɗan abin da ke akwai, ya hana hanji tsotse shi. An kuma samu rahotannin yawaitar cutar a wasu ƙauyukan Gbagyi da ke kewayen garin Kaduna, inda masu bincike suka danganta ta da ƙarancin kalsiyam a abinci da kuma ƙasar noma. Wannan ya shafe mu kai tsaye, ganin cewa irin wannan abinci ne ake ci a ƙauyuka da dama na Babban Birnin Tarayya.

Sai dai kuskure ne a fahimci cewa bitamin D ba shi da hannu a lamarin. Yaran Jos marasa cutar su ma kalsiyam ɗin da suke samu bai fi na masu cutar ba, abin da ke nuna cewa akwai wasu dalilai da ke taruwa. Masana sun nuna cewa idan kalsiyam ya yi ƙaranci, jiki kan ƙone bitamin D ɗinsa da sauri, don haka buƙatarsa ta ƙaru. Wani gwaji da aka sake yi a Jos, wanda ya fito a 2014, ya nuna cewa ƙara bitamin D a kan kalsiyam na taimaka wa warkewa. Matsayar da ƙwararru na duniya suka cimma a 2016 ta haɗa biyun: yaron da ya wuce shekara ɗaya, idan kalsiyam ɗinsa bai kai miligiram 300 a rana ba yana cikin haɗari, wanda ya haura 500 kuwa ya wadatar. Sun kuma ba da shawarar a riƙa ba kowane jariri maikurogiram 10 na bitamin D kullum a shekararsa ta farko, masu juna biyu kuma su samu maikurogiram 15.

6.0 Rayuwar Birni da Hasken Rana

Yawan rana a sama ba ya nufin ta sauka a fatar kowa. Wani nazari da Reagan Mogire na ƙasar Kenya da abokan aikinsa suka wallafa a 2020, wanda ya tattara bincike daga sassan Afirka, ya nuna cewa kimanin mutum ɗaya cikin uku na da ƙarancin bitamin D, kuma abin ya fi yawa ga mazauna birane da mata da jarirai sababbin haihuwa.

Tun da aka dawo da mazaunin gwamnati Abuja a Disambar 1991, salon zama ya sauya ga dubban iyalai. Gidan gargajiya yana da buɗaɗɗen tsakar gida, inda mata ke girki da wanki da daka, yara na wasa, rana kuma na samun kowa ba tare da an fita waje ba. Gidan bene a Garki ko Wuse ba shi da wannan fili. Ma'aikacin da ya bar Kubwa ko Nyanya da asuba, ya yini a ofis, ya koma gida bayan magariba, zai iya shafe mako rana ba ta taɓa shi ba. Gilashin taga da na mota suna tare hasken UVB, don haka zama kusa da taga ba ya wadatarwa. Baƙar fata tana buƙatar lokaci mai tsawo a rana fiye da farar fata kafin ta samar da adadi ɗaya, kuma tsufa da ƙiba suna ƙara rage abin da jiki ke samu. Batun sutura da kulle yana buƙatar hikima wajen gabatarwa. Darasi ba ya buƙatar sukar al'ada. Ya isa a nuna cewa mace za ta iya samun rana a fuska da hannuwa da ƙafafu a cikin gidanta, a inda babu mai ganinta.

7.0 Shawarwari ga Masu Tsara Manhaja

Na farko, keɓaɓɓun kalmomi. Gwame da ƙafar baka sunayen siffar ƙafa ne, ba sunayen cuta ba. Ɗan lanƙwashewar ƙafa ga yaron da bai kai shekara biyu ba, da ɗan gwame ga mai shekara uku ko huɗu, abu ne da aka saba gani, kuma yakan miƙe da kansa. Muna ba da shawarar a yi amfani da laushin ƙashin yara a matsayin sunan cutar, a kuma bambanta ta da shan-inna, wadda ƙwayar cuta ce ke kawo ta, rigakafinta kuma allura ce ko ɗigon baki.

Na biyu, kada a koyar da bitamin D shi kaɗai. Duk darasin da ya ambaci rana to ya ambaci kalsiyam a shafi guda.

Na uku, misalan abinci su fito daga kasuwar ɗalibi: nono da kindirmo, da kuka, da zogale, da riɗi, da ƙananan busassun kifi da ake dakawa da ƙayarsu a zuba a miya ko kunu. Gwajin da aka yi a Jos, wanda ya fito a 2015, ya nuna cewa garin kifin da aka niƙa da ƙashinsa na iya warkar da cutar.

Na huɗu, a gargaɗi ɗalibai game da sayen ƙwayoyin bitamin D a kemis ba tare da umarnin likita ba. Yana taruwa a jiki, kuma idan ya yi yawa yana haddasa amai da tsakuwar ƙoda da lalacewarta.

Na biyar, a horar da malami ya gane alamomin, ya kira iyaye cikin sirri ya shawarce su da zuwa asibiti, ya kuma hana tsokanar yaron a aji. Idan aka fara magani da wuri, ƙafafun ƙaramin yaro kan miƙe a hankali, sau da yawa ba tare da tiyata ba.

8.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata mun ga cewa ƙashin yaro na buƙatar abubuwa biyu a tare, wato bitamin D da galibi ake samu daga rana, da kalsiyam da ake samu daga abinci. Yaron ƙauye a Kwali ya fi fuskantar rashin na biyu, jaririn gidan bene a tsakiyar birni da mahaifiyarsa kuma suna iya rasa na farko. Manhaja ɗaya ce za ta yi wa dukkansu hidima, kuma ɗaliban da ke karanta ta yau su ne za su yaye 'ya'ya nan da shekaru kaɗan. Muna fatan kwamitocin da ke bitar darussan kiwon lafiya da tattalin gida a Hausa za su duba wannan babi tare da likitocin yara da masana abinci kafin a sake buga littattafan.