Gidan da duniya ta yaba, rufinsa yana yoyo

Mai karatu, a ce ka tara kuɗinka, ka nemo mai zanen gini da sunansa ya cika ƙasa, ya tsara maka gida, aka gina, ka tare da iyalinka. Ruwan farko da aka yi, sai ga shi yana zuba a cikin gida. Ka kai ƙorafi, aka yi maka alkawarin gyara. Ruwa ya sake sauka, ya sake shigowa. Ana nan har shekara shida. Me za ka yi? Za ka kira wani ɗan kwangila ya yaye rufin ya yi sabo, ko za ka riƙe wuyan wanda ya yi na farko? Wannan tambaya ce ta hana wata mata barci a Faransa, kuma gidan nata yana nan tsaye har yau.

A shekarar 1928 ne Pierre Savoye, attajiri mai harkar inshora, da matarsa Eugénie suka so gina gidan hutun ƙarshen mako a Poissy, kimanin kilomita 30 daga Paris. Suka ba mai zanen gini Le Corbusier aikin, shi da ɗan uwansa Pierre Jeanneret. Le Corbusier haifaffen Suwizalan ne, kuma a lokacin yana ta shelar cewa zamanin tsohon gini ya wuce. Yana da ƙa'idoji biyar da yake so duniya ta bi, ɗaya daga cikinsu ita ce a daina rufi mai tudu, a shimfiɗe saman gida da kankare, a yi lambu a kai. Iyalin Savoye suka sakar masa mara. Ka san abin da mai basira yake yi idan ya samu fili da kuɗi da mai gida mai haƙuri?

Ya yi abin da ba a saba gani ba. Farin gida mai kusurwa huɗu, an ɗaga shi sama a kan siraran ginshiƙai, taga doguwa ta zagaye shi daga bango zuwa bango. Ƙasan gidan an lanƙwasa shi daidai yadda mota za ta juya ta shiga gareji. A ciki akwai gangara da mutum zai bi a hankali har ya fito saman rufi ya sha rana. An gama aiki a 1931, kuɗin ya wuce abin da aka ƙiyasta da nisa, hotunan gidan suka bazu a mujallu. Masu koyon zanen gini suka fara zuwa kallo. Ruwan sama ma ya fara zuwa.

Duk wanda ya tashi a gidan soro ya san halin shimfiɗaɗɗen rufi. Ruwa ba ya gudu a kansa sai an nuna masa hanya, shi ya sa magina suke karkata shi kaɗan, su sa indararo mai tsawo da zai watsa ruwa nesa da bango, kuma kafin damina a hau a duba, a yi yaɓe. Kankare ma bai tsira ba. Rana ta buɗa shi, sanyi ya tsuke shi, a hankali ya tsage, kwaltar da aka shimfiɗa a kai ta bi tsagar. Duk inda aka huda rufi don tagar haske, an buɗe wa ruwa wata ƙofa. A Poissy kuwa, don kada a ɓata kyan farin bangon, ba a yi wa rufin baki mai fitowa da zai kare shi ba. Ga gilashi ko'ina, zafin ɗumama ɗaki yana ficewa ta nan. Gida ya zama mai sanyi da danshi, kuma mutane ne a cikinsa.

A nan ne nake jinjina wa Eugénie Savoye. Ba ta ji nauyin babban suna ba. Ta ɗauki alƙalami ta rubuta, ta sake rubutawa. A wasiƙarta ta 1936 ta lissafa masa wuraren ɗaya bayan ɗaya: ruwa yana zuba a zauren shiga, yana zuba a kan gangarar nan da ake yabo, bangon gareji ya jiƙe sharkaf, banɗakinta kuma yana cika da ruwa ta tagar sama duk lokacin da aka yi hadari. A cikin waɗannan shekaru ɗansu ya kamu da ciwon ƙirji, sai da aka kai shi jinya Chamonix, can cikin duwatsu. Ka sa kanka a matsayin uwar nan. Da wane ido za ka kalli mai zanen?

Shi kuwa me ya ce? Ya yi alkawarin za a gyara, amma ya tuna mata yadda duniya take yabon gidan, har ya ba ta shawarar ta ajiye littafi a zauren shiga don baƙi su riƙa rubuta sunayensu, za ta tara sa hannun manyan mutane. Ni dai wannan amsa tana ci mini rai. Mace tana maganar ruwa a banɗakinta, ana yi mata maganar sa hannun baƙi. Basira ba ta ba mutum izinin toshe kunne ga wanda ya biya shi, balle ga wanda zai kwana a ƙarƙashin rufin.

To me ya sa ba su kira wani ɗan kwangila ba, su huta? A Faransa doka ce tun zamanin Napoleon cewa mai zanen gini da ɗan kwangila suna ɗauke da alhakin ginin da suka yi har shekara goma. Wanda ya biya kuɗi sau ɗaya yana da haƙƙin a gyara masa ba tare da ya sake biya ba. Kuma duk wanda ya taɓa gyaran rufi ya san haɗarin sa hannu na biyu a aiki: da zarar wani ya taɓa, na farko sai ya ce ba laifinsa ba ne. Eugénie ta san haƙƙinta. A 1937 ta rubuta masa cewa shi da kansa ya yarda gidan ba ya zaunuwa, alhakin yana wuyansa, ba ita za ta biya ba, ya gyara nan take, kuma tana fatan ba sai an je kotu ba. Da kai ne, mai karatu, da ka ƙara jira?

Ba a je kotun ba. Yaƙin duniya na biyu ya ɓarke a 1939, a 1940 iyalin suka bar gidan. Sojojin Jamus suka shiga suka zauna, bayan su na Amurka suka shiga, kowa ya bar ɓarnarsa. Da yaƙi ya ƙare gidan ya zama kango, har ya koma wurin ajiye ciyawa da kayan gona. A 1958 hukumar garin Poissy ta karɓe filin don gina makaranta, gidan kuma aka fara maganar rushe shi. Gida mai yoyo, babu mai zama a ciki, wa zai tsaya masa?

Masu zanen gini daga ƙasashe daban-daban ne suka tashi. Suka yi ta aika koke, maganar ta kai kunnen André Malraux, ministan al'adu na Faransa. Aka dakatar da rusau. A 1965, shekarar da Le Corbusier ya rasu yana iyo a teku, gwamnati ta sa gidan cikin gine-ginen tarihi da doka ta kare. Makarantar an gina ta a gefe, kuma sunan Le Corbusier take ɗauke da shi. Gwamnati ta yi ta gyare-gyare, mafi girma tsakanin 1985 da 1997. A 2016 hukumar UNESCO ta sa gidan cikin abubuwan tarihi na duniya, tare da wasu ayyukansa, guda 17 gaba ɗaya a ƙasashe bakwai.

Yau mutane suna sayen tikiti su shiga gidan, wanda ake kira Villa Savoye, su bi gangarar su fito saman rufi, su leƙa banɗakin da Eugénie ta yi ta rubuta wasiƙa a kansa. Kula da rufin ya koma wuyan gwamnatin Faransa, kuma tun da iyalin suka fita babu wasu da suka sake mayar da shi gidan zamansu. A ce an ba ka makullinsa gobe, mai karatu, aka ce ka tare da matarka da 'ya'yanka, za ka karɓa?