Alamomin Cike Gurbi: Yadda Ake Tambayar Git Tarihin Manhaja

A shekara ta 2021 kundin tarihin Linux, watau manhajar nan da ke tuƙa akasarin manyan kwamfutocin intanet da kuma wayoyin Android, ya haye shigarwa miliyan ɗaya. Kowace shigarwa kuwa gyara ce guda da wani mutum ya yi, aka adana ta tare da sunansa da lokacin da ya yi ta da kuma dalilinsa. Duk ranar da wani sashe na manhajar ya lalace, ko aka gano wata kafa da ɓarayi za su iya bi, tilas ne a koma ga wannan kundi a yi masa tambayoyi: wa ya taɓa wurin, yaushe, kuma don me? Amsar da mai tambaya zai samu ta rataya ne a kan waɗansu 'yan haruffa da ake rubutawa bayan alamar kaso, watau %. Su ake kira alamomin cike gurbi.

Asalin al'amarin

Adana tarihin gyare-gyaren manhaja tsohuwar dabara ce. Marc Rochkind ya ƙirƙiro SCCS a ɗakunan bincike na Bell da ke Amurka a 1972, sa'an nan Walter Tichy ya fito da RCS a Jami'ar Purdue a 1982. Daga baya CVS da Subversion suka biyo baya. Shi kuwa Git, wanda ya mamaye fagen a yau, Linus Torvalds ne ya rubuta shi a watan Afrilun 2005, bayan da masu BitKeeper suka janye izinin amfani da manhajarsu kyauta, wadda da ita ma'aikatan Linux suke adana aikinsu. A watan Yulin shekarar ya miƙa ragamar Git ga Junio Hamano.

Idan mutum ya ba kwamfuta umarnin git log ba tare da wani ƙari ba, za ta zubo masa kowace shigarwa cikin layuka da dama: doguwar lambar shaida, sunan marubuci da adireshinsa na imel, kwanan wata, sa'an nan bayanin gyaran. Wannan ya wadatar ga ƙaramin aiki. Amma a kundi mai dubban shigarwa, neman abu guda ta haka tamkar neman allura ne cikin ruwa. Git yana da waɗansu shiryayyun fasali masu suna, irin su oneline da short da medium da fuller, sai dai ba kowace bukata suke biya ba. Shi ya sa aka ba mai amfani damar tsara nasa fasalin.

Yadda alamomin suke aiki

Mai karatu ya san littafin rasit na kanti, inda aka riga aka buga kalmomin “suna” da “kwanan wata” da “kuɗi”, aka bar gurabu fanko don a cike. To, haka al'amarin yake a nan. Mutum zai rubuta layi guda ya zuba alamomi a cikinsa, shi kuwa Git sai ya bi shigarwa ɗaya bayan ɗaya yana cire kowace alama yana maye gurbinta da bayanin da ya dace. Abin da duk ba alama ba ne, kamar waƙafi ko wata kalma, sai ya bar shi yadda ya same shi. Wannan salo gado ne daga harshen C na Dennis Ritchie, inda umarnin printf yake amfani da alamar kaso ta wannan hanya tun shekarun 1970. Alal misali:

git log --abbrev=7 --format="%h %an %as"

Idan aka ba da wannan umarni a kan kundin Git shi kansa, layin da ya shafi shigarwa ta farko zai fito kamar haka:

e83c516 Linus Torvalds 2005-04-07

Alamar %h ita ta kawo gajeriyar lambar shaida, %an ta kawo sunan marubuci, %as kuma ta kawo kwanan wata a taƙaice. Da an ƙara %s da layin farko na bayanin gyaran ya biyo baya, %b kuwa sauran bayanin take kawowa. Alamar %n sabon layi take buɗewa. Wanda yake son alamar kaso ita kanta ta bayyana sai ya rubuta ta sau biyu. Akwai kuma na ado: %Cred tana rina rubutu ja, %Creset tana mayar da shi launinsa na asali, %<(20) kuma tana keɓe wa abin da ke biye da ita gurbin haruffa 20 domin layuka su daidaita kamar jadawali. Waɗannan ba su da wuyar koyo, kuma kuskure a cikinsu ido kawai yake damu.

Marubuci da mai shigarwa

Inda kuskure yake da tsada shi ne wajen suna da lokaci. Git yana adana mutum biyu a kowace shigarwa. Na farko shi ne marubuci, wanda ya ƙaga gyaran, kuma alamominsa da harafin a suke farawa: %an suna, %ae imel, %ad lokaci. Na biyu shi ne mai shigarwa, wanda ya sanya gyaran cikin kundi, nasa alamomin kuwa da harafin c suke farawa: %cn da %ce da %cd. Wanda ya saba da tsofaffin littattafan da aka rubuta da hannu ya san wannan bambanci, domin mawallafi daban, mai kwafar da ya sa sunansa da ranar gamawarsa a ƙarshen littafi daban, kuma mai yiwuwa ne shekaru da yawa su raba su.

A ƙaramin aiki mutum guda ne yake riƙe da matsayin biyu, don haka da yawa ba su ma san akwai bambanci ba. Amma a Linux ta imel ake aika yawancin gyare-gyare. Wani zai rubuta gyara a ƙasarsa ya aika, a yi ta muhawara a kai makonni, kafin mai kula da wannan sashe ya karɓa ya shigar. Saboda haka wanda ya ƙidaya gudummawar mutane da %cn zai ba masu kula da sassa ladan aikin da wasu suka yi. Wanda kuma yake neman wanda ya amince da wata gurɓatacciyar gyara, ya yi amfani da %an shi kaɗai, zai ga wanda ya rubuta ne, ba zai ga wanda ya buɗe mata ƙofa ba.

Wani abin lura kuma shi ne, a bisa al'adarsa git log yana jera shigarwa ne bisa lokacin shigarwa, alhali kwanan watan da yake nunawa na marubuci ne. Shi ya sa wani lokaci mutum yake ganin ranaku sun hau kan juna, ya zaci kundin ya rikice. Haka nan umarnin --since, wanda ake tace kundi da shi daga wata rana zuwa yau, lokacin shigarwa yake dubawa. Shugaban aikin da ya nemi jerin abin da aka yi cikin watan jiya yana iya ganin gyaran da aka rubuta bara a ciki, don kuwa duk lokacin da aka sake jera shigarwa da rebase, ko aka ɗauko ta daga wani reshe da cherry-pick, lokacin shigarwa yana sabunta, na marubuci kuwa yana nan yadda yake. Maganin abin shi ne a sanya %ad da %cd kusa da juna a layi guda.

Shi lokacin kansa, Git yana ajiye shi ne a matsayin adadin daƙiƙoƙin da suka shuɗe tun daga farkon ranar 1 ga Janairu, 1970 bisa agogon duniya, tare da ratar agogon wurin da mutum yake. Alamar %at ita ke fito da wannan adadi tsirararsa. Na shigarwar farko ta Git shi ne 1112911993, watau ƙarfe 3:13 na yamma ranar 7 ga Afrilu, 2005 a yammacin Amurka, inda ratar take -0700. Da a Kano ko Yamai aka yi ta, da ratar ta zama +0100. Alamar %ar kuwa cewa take yi “kwana uku da suka wuce”, wanda yake da daɗin karatu a allo, amma ba shi da amfani a rahoton da za a ajiye, tun da gobe ma'anarsa ta sauya.

Akwai kuma matsalar mutum ɗaya mai suna biyu, kamar wanda ya sauya wurin aiki ya sami sabon imel, ko wanda ya rubuta sunansa ta hanyoyi dabam-dabam. Ana tattara irin waɗannan a fayil mai suna .mailmap. Alamar %aN, da babban harafi, tana bin wannan fayil ta fito da suna guda, ita kuwa %an abin da aka rubuta tun asali take kawowa.

Gajeriyar lamba da haɗarinta

Cikakkiyar lambar shaida, wadda %H take kawowa, tana da gurabu 40 a ƙidaya mai tushe 16, wadda ke amfani da 0 zuwa 9 da kuma a zuwa f. Ana samar da ita ne daga abin da shigarwar ta ƙunsa ta hanyar lissafin SHA-1. Ba mai son kwafar gurabu 40, don haka aka saba da guda 7 na farko. Gurabu 7 suna ba da lambobi 268,435,456 mabambanta, kuma a ido wannan adadi ne mai yawa. Sai dai ilmin lissafi ya nuna cewa karo yana zuwa da wuri fiye da yadda hankali yake zato. A aji mai ɗalibai 23 kacal, yiwuwar a sami biyu masu ranar haihuwa ɗaya ta haura rabi. Bisa wannan lissafi, kundin da ya tara abubuwa wajen 20,000 ya riga ya kai matsayin da ya fi yiwuwa a sami biyu da gurabunsu 7 na farko suka zo ɗaya.

Gaskiya ne Git yana tsawaita %h da kansa idan ya ga za a yi karo a ranar da aka tambaye shi, kuma tun daga fitowa ta 2.11 a 2016 yake auna tsawon gwargwadon girman kundi. Amma lambar da aka riga aka rubuta cikin wasiƙa ko cikin bayanin wata gyara ba ta tsawaita, kundi kuwa girma yake yi. Saboda haka ma'aikatan Linux suka ɗora ƙa'idar cewa duk wanda zai ambaci tsohuwar gyaran da yake warkarwa ya kawo aƙalla gurabu 12. Takardunsu na jagora ma sun ba da fasalin da mutum zai ajiye a saitin Git ɗinsa da sunan fixes:

Fixes: %h ("%s")

Da wannan ɗan layi, lamba da taken gyaran suke fitowa tare, ta yadda ko lambar ta rikice wata rana, taken zai nuna hanya.

Idan na'ura ce za ta karanta

Sau da yawa wata manhaja ce ake miƙa wa abin da git log ya fitar domin ta yi ƙidaya. A nan raba bayanai da fili ko waƙafi ganganci ne, domin sunaye da bayanan gyara su ma suna ɗauke da su. Gwanaye sukan yi amfani da %x09, wadda ke saka alamar tsallake ta jadawali, ko kuma %x00, wadda ke saka sifiri tsantsa da ba ya shiga cikin suna. Haka kuma akwai bambanci tsakanin format: da tformat:. Na farko yana sanya alamar sabon layi ne tsakanin shigarwa da shigarwa, na biyu kuwa a ƙarshen kowacce. Umarnin wc -l alamomin sabon layi yake ƙirgawa, don haka wanda ya haɗa shi da format: ƙidayarsa za ta gaza da ɗaya, kuma babu abin da zai gargaɗe shi.

Iyakar abin da kundi zai iya shaida

Duk abin da %an da %ad suka nuna, abin da kwamfutar mai gyara ta faɗa ne. Git ba ya tambayar kowa katin shaida, kuma kowa yana iya rubuta sunan da ya ga dama da lokacin da ya ga dama. Tun 2004, a zamanin shari'ar kamfanin SCO a kan mallakar rubutun Linux, aka ɗora wa masu gyara ƙa'idar sanya layin Signed-off-by a ƙarshen bayani, kuma alamar %(trailers) tana iya tsamo waɗannan layuka domin a ga hannuwan da gyara ta bi. Akwai kuma %G?, wadda ke duba sa hannu na lissafin sirri: harafin G yana nufin sa hannun ya inganta, B yana nufin gurɓatacce ne, N kuma babu shi sam.

Ko wannan ma yana da iyaka. Ranar 29 ga Maris, 2024, injiniya Andres Freund ya bayyana cewa ya gano ɓoyayyiyar ƙofa a fitowa ta 5.6.0 da ta 5.6.1 na manhajar matse fayil mai suna XZ Utils, bayan ya lura da jinkirin wajen rabin daƙiƙa a shiga kwamfuta ta SSH. Mai amfani da sunan Jia Tan, wanda ya shafe fiye da shekara biyu yana ba da gudummawa har aka amince da shi, shi ne ya dasa ta. Nan take masu bincike suka dira a kan kundin, suka tsamo lokutan gyare-gyarensa da ratar agogonsu. Yawancinsu +0800 suka nuna, watau agogon gabashin Asiya, amma an tsinci 'yan kaɗan masu +0200 da +0300, abin da ya sa wasu suka yi zargin cewa da gangan ya riƙa sauya agogon kwamfutarsa, ya kuma manta a waɗansu ranaku. Kundin ya ba da jerin gyare-gyaren da ya shigar cikinsa, daƙiƙa bayan daƙiƙa, har aka iya bin sawun aikinsa ana warwarewa. Sunan da ke gurbin %an kuwa, shi ne dai wanda ya zaɓa wa kansa tun ranar farko.